Kwana huɗu a Delhi, Agra da Jaipur: sharhi kan hidimar wani kamfanin yawon buɗe ido

Takardar tsarin tafiyar da kamfanin ya turo mana ta WhatsApp shafi ɗaya ce tak. A cikinta an ware wa Taj Mahal awa uku, an ware wa abin da suka kira ziyarar masu sana'ar gargajiya awa biyu, sannan aka bai wa Jantar Mantar na Jaipur, tsohon filin na'urorin auna sama, minti 30 da yamma lis. Da na san abin da na sani yanzu, da tun daga wannan takarda na fara jayayya, domin ita ce ta fallasa abin da kamfanin yake zaton baƙo ya zo nema a Indiya. Ni da uwargida muka sayi wannan hidima a tsakiyar watan Fabrairu, kuma ta ƙunshi mota da direba na kwana huɗu, da masauki na dare uku, da ɗan jagora dabam a kowane birni, a kan hanyar da ƴan yawon buɗe ido suka fi bi, wato daga Delhi zuwa Agra, daga Agra zuwa Jaipur, sannan a komo Delhi. Kuɗin shiga wuraren tarihi ba ya cikin abin da muka biya, kuma an sanar da mu haka tun kafin mu biya, abin da na yaba musu a kai. Kamfanonin da ke sayar da irin wannan tafiya ba sa ƙirguwa, tsarinsu kuma kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa a kan wanda muka ɗauka zai amfani wanda ya ɗauki waninsa.

Direban shi ne ɓangaren hidimar da ban sami abin kushewa a cikinsa ba. Dattijo ne ɗan Rajasthan, jihar da Jaipur take ciki, mai ƙarancin magana, wanda kullum muka fito daga masauki sai mu tarar ya riga ya goge mota ya ajiye mana ruwan gora a kujerar baya. Kowane zango na hanyar ya haura kilomita 200, kuma tuƙi a inda babbar mota da keke mai ƙafa uku da saniya suke raba titi ɗaya yana buƙatar mutum mai sanyin zuciya. Tun ranar farko da ya ga mun nemi wurin alwala bai sake jira mu tambaya ba, azahar na yi sai ya ratse inda ya san akwai masallaci ko wuri mai tsabta. Masaukan kuwa matsakaita ne masu tsabta, babu abin da zai sa a tsaya dogon bayani a kansu.

Ɗan jagoranmu na Delhi saurayi ne da ke rataye da katin shaida a wuya, wanda ya haddace shekarun tarihi kamar karatun allo. Da hantsi ya kai mu harabar Qutb Minar da ke unguwar Mehrauli. Hasumiyar tana da tsawon mita 72.5, faɗinta a gindi ya haura mita 14, tana tsukewa sannu a hankali har ta koma ƙasa da mita 3 a ƙololuwa. Qutbuddin Aibak, wanda ya kafa daular Musulmi ta Delhi, shi ne ya fara gina ta wajen shekarar 1199, magajinsa Iltutmish ya ɗora mata hawa uku, sannan bayan tsawa ta faɗa mata a ƙarni na 14, Firoz Shah Tughlaq ya gyara samanta ya mayar da ita hawa biyar, shi ya sa ake ganin farin marmara a hawa biyun ƙarshe alhali na ƙasa jan dutse ne. Akwai matakala 379 a cikinta, amma an hana hawa tun Disambar 1981, lokacin da wuta ta ɗauke aka yi turmutsutsu, mutum 45 suka rasu, akasarinsu ƴan makaranta. Saurayin ya kawo wannan duka daidai, kuma bai yi kwana-kwana ba wajen nuna mana ginshiƙan masallacin Quwwatul Islam da ke gindin hasumiyar, wanda rubutun ƙofarsa ya ce an ɗebo kayan gininsa daga wuraren bauta 27. Wanda ya matsa kusa zai ga ƙararrawa da sarƙa da furanni a sassaƙe a jikin dutsen, aikin masassaƙan Hindu da Jain da suka riga masallacin da ƙarnoni.

Inda ya fara ba ni kunya shi ne a tsakar gidan masallacin, wurin da wani baƙin ginshiƙin ƙarfe yake tsaye a cikin shinge. Muna cikin tafiya ya nuna shi da hannu, ya ce ƙarfe ne da ba ya tsatsa kuma har yau masana sun rasa dalili, sannan ya juya zai kai mu inda hoto yake fita da kyau. Ni kuwa saboda wannan ginshiƙi na roƙi a fara da Mehrauli, don haka na coge. Tsawonsa ya ɗan haura mita 7, nauyinsa ya kai tan 6, kuma a jikinsa akwai rubutu da harshen Sanskrit da ke yabon wani sarki mai suna Chandra, wanda akasarin masana tarihi suke ganin shi ne Chandragupta na Biyu da ya yi mulki daga wajen 375 zuwa 415. Ke nan ya shekara kusan 1,600 yana shan rana da ruwa. Ba narka ƙarfen aka yi aka zuba a mazubi ba, domin murhun wancan zamani bai kai zafin da zai mayar da ƙarfe ruwa ba. Maƙera ne suka riƙa ɗauko dunƙulen ƙarfe yana ja wur, su ɗora a kan na ƙasa, su yi ta dukansa da guduma har ya haɗe, dunƙule bayan dunƙule, har aka sami sandar tan shida wadda ido ba ya gane mahaɗarta.

Maganar cewa an rasa dalilin rashin tsatsar ba gaskiya ba ce, kuma tana rage wa maƙeran daraja, domin tana mayar da gwaninta ta koma kamar tsafi. Farfesa R. Balasubramaniam na Cibiyar Fasaha ta Kanpur ya daɗe yana nazarin ginshiƙin, kuma abin da ya bayyana a sarari yake. Masu narka tama na wancan zamani ba sa zuba farar ƙasa a murhu kamar yadda ake yi a masana'antun yau, saboda haka sinadarin fosfaras bai fice daga ƙarfen ba. Wannan sinadari ne, tare da jiƙewa da bushewa na shekaru masu yawa, ya haifar da wata siririyar fata a jikin ƙarfen, wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, ita ce take tare iska da raɓa. Bushewar iskar Delhi a mafi yawan shekara ta taimaka, kuma ɓangaren da ke binne a ƙasa ya yi tsatsa. Shingen da ke kewaye da shi ma yana da dalili: an kafa shi a 1997 saboda al'adar jingina baya da ginshiƙin a zagaye shi da hannuwa don neman sa'a, wadda ta fara goge gindinsa. Saurayin ya saurare ni cikin ladabi yana kallon agogo. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka koya masa ya faɗa, kuma da alama ba a cika tsayar da shi a wurin ba.

Da la'asar muka leƙa hubbaren Humayun, sarkin daular Mughal, wanda matarsa Bega Begum ta sa aka gina aka kammala wajen 1570, da ƙubba mai ruɓi biyu da lambu da aka raba huɗu da magudanan ruwa. Shi ne kakan Taj Mahal ta fuskar fasali, kuma wanda ya gan shi da farko zai fi fahimtar abin da zai gani a Agra. A nan kamfanin ya yi daidai wajen jera wuraren.

A Agra ɗan jagora ya zo ya ɗauke mu tun da asuba, kuma wannan shawara ce mai kyau, domin ana buɗe ƙofa kafin fitowar rana, kafin cunkoso. Tikitin baƙo a lokacin rupi 1,100 ne, da ƙarin 200 ga wanda zai shiga cikin hubbaren, ana kuma haɗawa da gorar ruwa da ledar rufe takalmi. Ba a barin mota mai hayaƙi ta matso kusa, sai a ƙarasa da ƙafa ko a motar batir, maza da mata layinsu dabam a wurin bincike, kuma ranar Juma'a a rufe yake ga ƴan yawon buɗe ido. Mutumin ya san waɗannan ƙa'idoji kamar tafin hannunsa, ya hana mu ɗaukar babbar jaka da abinci, ya wuce da mu ba tare da ɓata lokaci ba. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne yadda ya tsayar da mu a babbar ƙofa ya ce mu karanta rubutun da ke kewaye da ita. Suratul Fajri ce, wadda ta ƙare da kiran rai mai natsuwa ya shiga Aljanna, an yanka haruffanta daga baƙin dutse an dasa a cikin farin marmara. Mai zayyanar, Amanat Khan, ya riƙa ƙara girman haruffa yayin da rubutun yake hawa sama, don mai tsaye a ƙasa ya gan su kamar girmansu ɗaya. Ya kuma nuna mana cewa hasumiyoyi huɗun sun ɗan karkata waje, ta yadda idan girgizar ƙasa ta kayar da su ba za su faɗa kan ƙubbar ba, sannan ya bayyana yadda aka haƙa rijiyoyi a gefen kogin Yamuna aka cika su da duwatsu da ƙasar gini don su ɗauki nauyin ginin a kan ƙasa mai laushi.

Sai dai bai iya barin labarin a haka ba, sai da ya ƙara gishiri. Bayan ya faɗi gaskiyar tarihi, cewa Mumtaz Mahal, matar Sarki Shah Jahan wadda aka gina hubbaren dominta, ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta 14, aka fara gini a shekarar da ta biyo baya da marmarar Makrana, aka kammala harabar baki ɗaya wajen 1653, sai ya rage murya ya ce da aka gama, Shah Jahan ya sa aka yanke hannuwan magina don kada su sake yin irinsa. Wannan tatsuniya ce, babu wani marubucin zamanin da ya kawo ta. Ustad Ahmad Lahori, wanda ake danganta masa fasalin Taj Mahal, shi ne kuma ya yi aikin Jan Gidan Sarauta na Delhi da aka fara a 1639, kuma sarkin da yake gina sabon birni ba zai nakasa ƙwararrun da yake buƙata ba. Da na faɗa masa haka sai ya yi murmushi ya ce baƙi suna son labarin. Na yarda suna so, amma kuɗin jagora muka biya, ba kuɗin tatsuniya ba.

Daga nan ne aka kai mu ziyarar masu sana'ar gargajiya, wadda ashe shago ce. Dole in yi adalci, minti goma na farko sun cancanci a gani. Wani yaro yana zaune a ƙasa yana juya dutsen wasa wuƙa da baka mai tsirkiya a hannun dama, a hannun hagu kuma yana riƙe da ɓarɓashin jan aƙiƙ wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana goga shi har ya koma kunnen fure. Na kusa da shi yana ƙwaƙule gurbi a jikin marmara da ɗan ƙarfe mai tsini, kuma da aka saka ɓarɓashin a gurbin sai ya zauna ɗas, na shafa da yatsa ban ji tudu ba. Wannan ita ce sana'ar da aka ƙawata Taj Mahal da ita, suna kiranta parchin kari. Amma ana gama wannan aka shigar da mu ɗaki na ciki, aka rufe ƙofa, aka kawo shayi, aka fara fito da tebura da faranti ɗaya bayan ɗaya, ɗan jagora kuwa ya ɓace. Mun fi awa ɗaya kafin mu sami hanyar fita ba tare da rashin kunya ba. Ruwa ba ya tsami banza: duk wanda ya kawo baƙo irin wannan shago yana da la'ada a kan abin da baƙon ya saya, kuma la'adar tana cikin farashin da ake faɗa maka. Ba na ƙin mutum ya ci abincinsa, abin da na ƙi shi ne a sayar mini da talla da sunan ziyara, a kuma ɗebe lokacinta daga wuraren da na ƙetare teku don in gani.

Fatehpur Sikri, birnin jan dutse da Sarki Akbar, ɗan Humayun, ya fara ginawa a 1571 kuma aka ƙaurace masa bayan shekara goma sha huɗu kacal, mun ratsa shi a gurguje, ƴan talla suna biye da mu tun daga Buland Darwaza, ƙofar nan mai tsawon mita 54. A nan na duba takarda na ga akwai wata ziyarar masu sana'a a gaba, ta masu saƙar darduma, sai na kira ofishin kamfanin na ce a soke ta a kai mu ƙauyen Abhaneri. Wanda ya ɗauki wayar ya ce ba ya cikin tsari, ya yi ta jan magana, har sai da direban ya karɓi wayar ya yi masa magana da yarensu, sannan aka amince. Ratsen bai da nisa daga babbar hanyar Jaipur. Abin da ke can shi ne Chand Baori, rijiya mai matakala da aka gina wajen ƙarni na 9. Daga waje ba ka ganin komai sai katanga, amma kana shiga sai ƙasa ta buɗe a gabanka, rami mai kusurwa huɗu yana tsukewa zuwa ƙasa hawa 13, bangarorinsa uku lulluɓe da matakala kimanin 3,500 da aka jera bibbiyu suna haɗuwa suna rabuwa kamar saƙar tabarma. Rajasthan ƙasa ce mai fari wadda ruwan shekararta yake zuba cikin ƴan watanni, don haka maginan suka yi rijiyar da mutum zai riƙa bin ruwa yana sauka yayin da yake ja da baya, a kowane wata akwai matakalar da take bakin ruwa. An sa shinge, ba a barin kowa ya sauka, amma ko daga sama mun daɗe a tsaye ba mu ce uffan ba. Babu ɗan jagora a tare da mu a nan, kuma ban ji rashinsa ba.

A Jaipur ne muka dace. Jagoran da aka haɗa mu da shi dattijo ne mai furfura, kuma yana duba takardarmu ya girgiza kai ya ce wanda ya sa Jantar Mantar da yamma lis bai san mene ne shi ba, domin na'urorin da rana suke aiki, kuma an fi cin moriyarsu idan ta kusa tsaka. Da kansa ya juya tsarin. Muka tafi gidan sarautar Amber da sassafe, muka tsaya minti biyar a gaban Hawa Mahal mai tagogi 953 da aka gina a 1799, sannan muka shiga Jantar Mantar rana tana shirin take tsaka.

Wanda bai sami mai bayani ba zai ɗauka filin wasan yara ne na manya: bangaye masu kusurwa uku, da matakala da ba ta kai ko'ina ba, da ramuka kamar ƙorai a ƙasa. Na'urori 19 ne na auna sama, waɗanda Sarki Sawai Jai Singh na Biyu, wanda ya kafa birnin Jaipur a 1727, ya gina aka kammala wajen 1734. Biyar ya gina irinsu, a Delhi da Jaipur da Ujjain da Varanasi da Mathura, na Mathura ne kawai ya rushe. Dalilinsa kuwa na mai aiki da hannu ne. Ya lura cewa na'urorin tagulla da masana falaki suke amfani da su ƙanana ne, ba su da filin da za a tsaga awo ƙanana, ƙusoshinsu kuma suna cinyewa su fara rawa, sai ya ce a yi su da dutse da farar ƙasa, manya, a kafe a ƙasa, yadda ba za su motsa ba.

Dattijon bai fara da lacca ba. Ya kai mu gaban ƙaramin agogon rana, wanda bango ne mai kusurwa uku da baka biyu na marmara a gefensa, ya ce uwargida ta karanta inda inuwa ta tsaya. Gefen inuwar bai fita sosai ba, yana da dishi-dishi, sai ya ciro ɗan tsinke daga aljihu ya riƙe a saman marmarar yana matsar da shi sannu a hankali har inuwar tsinken ta narke cikin babbar inuwar, ya ce nan ne gefen gaskiya. Ta ƙirga tsagogin ta ce ƙarfe 11 da minti 20. Ta dubi wayarta ta ga 12 da minti ɗaya, sai ta juyo ta ce mini, "Malam, ai agogon nasu baya yake." Dattijon kamar jira yake, ya nuna mana wani ɗan allo da ake rubuta wa lamba kowace rana, ranar an rubuta 41. Ya ce dutsen yana ba da lokacin garin Jaipur ne bisa ranar da ke samansa, wayar kuwa tana ba da lokacin Indiya baki ɗaya, wanda aka ɗora a kan layin digiri 82.5 gabas. Jaipur tana yamma da wannan layi da kimanin digiri 6.7, kowane digiri kuma minti 4 ne, wanda ya ba da kusan minti 27. Sauran minti 14 sun zo ne daga cewa rana ba ta cika alkawari daidai a duk shekara, saboda karkatar duniya da kuma yanayin zagayenta, wani lokaci tana riga agogo wani lokaci tana makara, kuma tsakiyar Fabrairu ne ta fi makara. Uwargida ta haɗa 41 a kan 11 da 20, ta sake duban waya, ta yi dariya.

Bayan wannan sai babban, Samrat Yantra, ya zama abin da ake iya karantawa. Tsawonsa mita 27 ne, gangaren bangonsa ya karkata digiri 27 daidai da matsayin Jaipur a arewacin layin da ya raba duniya biyu, saboda haka yana nuna tauraron arewa kai tsaye. Inuwarsa tana faɗawa a kan bakan yamma da safe, ta koma na gabas bayan zawali, kuma tana tafiyar kusan milimita ɗaya a kowace daƙiƙa, har an tsaga awonsa zuwa daƙiƙa bibbiyu. Na kafa ido a kan tsaga ɗaya na ga inuwa ta zo ta haɗiye ta, kuma wannan ne karo na farko da na ga juyawar duniya da idona. Daga nan ya kai mu Jai Prakash Yantra, ƙorai biyu na marmara da aka nutsar a ƙasa, kowace an zana mata taswirar sama a kife, da wayoyi biyu da suka gitta a samanta ɗauke da ƙaramin zobe, inda inuwar zoben ta faɗa nan ne matsayin rana. An bar giɓi tsakanin allunan marmarar don mai awo ya shiga ciki ya tsaya, kuma inda yake giɓi a ƙwarya ta farko allo ne a ta biyu, don haka idan inuwa ta faɗa giɓi sai a koma ɗayar. Na'urori 12 na buruji kuwa, inda sauran jagorori suke tambayar baƙi watan haihuwarsu don a ɗauki hoto, ya ce gaskiya ne a fadar Jai Singh hisabi da duba tare suke tafiya, amma shi hisabin ya zo nuna mana.

Abin da ya ƙara masa ƙima a idona shi ne bai yi kurin ƙarya ba. Ya ce lokacin da ake wannan gini, madubin hangen nesa ya riga ya shekara fiye da ɗari a Turai, kuma shi ne ya ci gaba da jan ragamar ilimin falaki, saboda haka Jantar Mantar ƙarshen wata doguwar hanya ce, ba farkon sabuwa ba. Ya ce Jai Singh ya karanta jadawalin taurari na Ulugh Beg na Samarkand, ya sa aka fassara littattafan lissafi daga Larabci zuwa Sanskrit, ya tura tawaga Fotugal neman abin da Turawa suka sani, sannan ya sadaukar da nasa jadawalin ga Sarkin Mughal Muhammad Shah. Ya kuma faɗa mana cewa abin da muke gani ya sha gyara, musamman a 1901, kafin UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Da na tambaye shi tushen wannan hanya, sai ya koma baya zuwa masanin lissafi ɗan Indiya Aryabhata, wanda a shekarar 499 ya rubuta cewa duniya ce take juyawa kuma ya ba da 3.1416 a matsayin adadin da ake ninka faɗin da'ira da shi a sami kewayenta, da Brahmagupta, mutumin Bhinmal a nan Rajasthan, wanda a 628 ya tsara ƙa'idojin lissafi da sifiri. Wannan ilimi ne ya isa Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, al-Khwarizmi ya yi rubutu a kansa, Larabawa suka kira alƙaluman na Indiya, suka fassara kalmar shunya, wato wofi, zuwa sifr, wadda ita ce sifirin da muke faɗa. Tauraron ɗan Adam na farko da Indiya ta mallaka a 1975 sunan Aryabhata aka sa masa, kuma ƙasar da ta sauke kumbon Chandrayaan-3 kusa da ƙarshen kudancin wata a ranar 23 ga Agustan 2023 ba daga sama ta tsinci lissafi ba. Minti 30 aka rubuta mana, mun yi awa biyu da rabi, kuma tukuicin da na ba shi shi ne kuɗin da na fi jin daɗin fitarwa a duk tafiyar.

Wanda ya tambaye ni ko ya sayi irin wannan hidima, zan ce ya saya, musamman idan zuwansa na farko ne ko yana tare da iyali, domin mota da direba nagari suna ɗauke wahalar da ba ta misaltuwa. Amma ya yi cinikinsa a kan takardar tsari kafin ya biya ko rupi ɗaya. Ya sa a rubuta cewa babu tsayawa a shago, ya sa a saka Abhaneri, ya tabbatar ranar Agra ba ta faɗa Juma'a ba, ya nemi Jantar Mantar tsakanin hantsi da azahar, kuma ya guji ƙarshen Disamba da Janairu idan zai iya, domin hazo yakan rufe Delhi da Agra har a rasa ganin ƙubba, balle inuwa. Jagororin kuwa sa'a ce, mun sami ɗaya nagari ƙwarai, biyu kuma rabi da rabi, kuma kamfanin bai nuna ya san bambancinsu ba.

Bayan mun dawo Delhi sun turo takardar jin ra'ayi. Na yaba direba da dattijon Jaipur, na rubuta ƙorafina a kan shagon, sannan na yi tambaya ɗaya. A kan hanyar hawa gidan sarautar Gwalior, kimanin kilomita 120 kudu da Agra, akwai wani ƙaramin wurin bauta da aka sassaƙa a jikin dutse, a bangonsa akwai rubutu na shekarar 876 da ke ɗauke da lambar 270, sifirinta ɗan zagaye kamar yadda muke rubuta shi yau, yana cikin mafi daɗewa da aka samu a rubuce a dutse a Indiya. Na tambaya ko za su iya ƙara kwana ɗaya a kai mutum can. Amsar ta zo washegari cewa mota da direba ba matsala, amma ba su da jagoran da ya san wurin, kuma ba a taɓa tambayarsu ba.